Gadar Da Na Gina A Kan Takarda

Ni ɗan Zandam ne a ƙasar Gwaram. Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni sun riga sun san abin da na yi, waɗanda ba su san ni ba kuwa ba su yi asarar komai ba. Mahaifina manomi ne, dawa da gero da ɗan riɗi, bai taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba sai a kaina. Ni ne na farko a gidanmu da ya wuce sakandare, na je na karanto aikin adana bayanan marasa lafiya. Har na kai shekara ashirin da bakwai ban taɓa ɗaukar ko ƙwan kazar wani ba. Ina faɗin wannan ne don ku samarin da kuke yawo da sababbin takardu a hannu ku daina zaton cewa ɓarawo yana da wata kama daban. Ni ma kamarku nake, da guga a rigata da biro a aljihu.

Na yi shekara biyu ina zaman jiran aiki, kafin Allah ya sa na samu a wani ƙaramin asibitin haƙori mai zaman kansa a Birnin Kudu. Mai asibitin likita ne, kowa Dokta yake ce masa, mutum mai fara'a da yawan kyauta, irin wanda idan ya gaishe ka sai ka ji kamar ɗan uwanka ne. Ya ba ni tebur da kwamfuta a bakin ƙofa. Aikina shi ne harkar masu katin inshorar lafiya, malaman makaranta da sauran ma'aikata. Idan an yi wa mutum aiki a baki, ni zan cike fom, in rubuta lambar aikin, mara lafiya ya sa hannu, Dokta ya buga hatimi, in tura wa kamfanin inshora su biya asibiti.

Sai na ɗan yi muku bayanin lambobin nan, don a cikinsu na halaka. Kowane aiki da lambarsa: cire haƙori daban, cike rami daban, wanke baki daban. Idan haƙori ya lalace amma saiwarsa na nan, ana yi masa murfi a kifa masa, mu a wurin aiki hula muke ce mata. Idan kuma haƙori ya fita gaba ɗaya ya bar giɓi, akwai aikin da ake kira gada. Sai a goge haƙoran da ke dama da hagu da giɓin a rage su, a sa wa kowanne hula, haƙorin roba ko na tangaran ya rataya a tsakaninsu. A ido, hular gada da hular haƙori guda duk ɗaya ne. A takarda kuwa kowace da lambarta. Hular haƙori guda kamfani yana biya ba dogon zance. Gada kuma sai an tura hoton bakin an nemi izini, an jira makonni, kuma sau ɗaya tak ake yi wa mutum a cikin shekara biyar.

Wata shida na yi ina aikina tsakani da Allah. Rannan aka yi wa wata malama gada, izini ya ƙi fitowa, tana ta zarya tana ƙorafi. Dokta ya tsaya a kaina ya ce, "Ka rubuta su a matsayin hula biyu kawai mana. Ai hulunan ne a bakinta, ƙarya muka yi? Na tsakiyar ta biya da kanta." Na ce, "Dokta, lambar ba ɗaya ba ce." Ya yi dariya ya ce, "Kai dai ɗan makaranta ne. Taimakon baiwar Allah za ka yi." Na canza lambar. Kamfani ya biya, malama ta tafi tana shi mana albarka, a ƙarshen mako Dokta ya miƙo mini ambulan ya ce in sha mai. Na kwana ina jin ni mai taimako ne, har da ɗan alfahari.

Daga nan abin ya zama jiki. Wanda aka cike wa rami sai in rubuta an sa masa hula. Wanda aka wanke wa baki sai in ƙara masa cire haƙori. Dokta bai sake cewa in yi ba, ni ma ban sake tambayarsa ba, ambulan dai tana ƙara kauri. Da ya ga na iya, ya bar mini hatiminsa a durowata, ya kuma zaunar da ni ya koya mini yadda yake sa hannu, wai don kada aiki ya tsaya ranar da ya tafi Kano. Ni sakarai na ɗauka girma aka ba ni.

Abin da ya buɗe mini babbar ƙofa kuwa mutanenmu ne. Daga Zandam ko Dingaya zuwa Birnin Kudu tafiya ce, ga kuɗin mota, ga barin aiki. Da labari ya bazu cewa ɗan gidan wane yana asibitin haƙori, sai ma'aikatan ƙauyukanmu suka riƙa mayar da katinsu wurinmu. Idan mutum ya zo sau ɗaya, sai ya ce, "Riƙe katin a wurinka, a gida yara za su yar da shi." Wasu kuma su ce, "Kawo takardun in sa maka hannu tun yanzu, idan wani abu ya taso ba sai na sake zuwa ba." Haka za su sa hannu a farar takarda uku ko huɗu, su yi mini godiya, wani ma ya ajiye mini ƙullin gyaɗa. A wurinmu ba ka tsayawa karanta takardar da ɗan garinku ya miƙo maka, yin haka kamar ka ce masa ɓarawo ne. Na tara kati sun fi talatin a durowa, na ɗaure su da roba.

Gada ita ce ta fi kowane aiki tsoka, hula biyu da haƙorin tsakiya, kowanne da kuɗinsa. Matsalar hoto ce kawai. Sai na tuna da wani makiyayi da ya taɓa zuwa ya biya kuɗi hannu, ba shi da kati, an ɗauki hoton bakinsa da giɓi a turamen ƙasa, wato haƙoran tauna. Na adana hoton. Duk wanda zan gina wa gadar ƙarya, sai in canza suna da rana a jiki in tura. Bawan Allah yana can yana kiwon shanunsa, bai san bakinsa ya zama bakin malamai da masinjoji har da wata unguwarzoma ba. Na sayi babur, na yi aure, na sa wa ɗakin mahaifiyata kwano. A masallaci aka fara matsa mini wuri a sahun gaba.

A cikin katunan nan akwai na Malam Garba. Shi ya koyar da ni a firamare, kuma shi yake jan salla a masallacin unguwarmu. Dogo ne, mai murya, idan yana karatu ana jiyo shi daga bakin rijiya. Sau ɗaya ya zo wurinmu, aka wanke masa baki, Dokta har yana yaba masa cewa a shekarunsa babu haƙori ko ɗaya da ya motsa. Da zai tafi ya bar katinsa, ya sa hannu a fom uku, ya ce, "Ɗana, ga amana nan." Na ce, "Ba komai, Malam." Ina sane da abin da na yi ranar da na zaro katinsa. Ban yi kuskure ba, zaɓarsa na yi, saboda na lissafa cewa mai haƙora irin nasa ba zai nemi gada ba har ya yi ritaya. Na rubuta masa giɓi a turamen ƙasa na hagu, na liƙa hoton makiyayi, izini ya fito, kuɗi suka shigo.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, da damina, Malam Garba yana dawowa daga Gwaram a bayan ɗan acaba, taya ta zame a laka. Bakinsa ya daki dutse. Haƙoran gaba biyu na sama suka fita. Da kumburi ya sabe sai ga shi a gaban teburina, ya naɗe rabin fuskarsa da rawani. Ya zauna ya ce, "Alhamdu lillahi da abin ya tsaya nan. Na ce da su a gida kada kowa ya damu, ina da ɗa a asibitin haƙori." Maganarsa tana fita da iska, wasu haruffan ba sa zama. Ya ce yaran aji suna ƙunshe dariya idan yana koya musu karatu, kuma ya ba wani jan salla kafin a gyara, don ba ya son ya riƙa ɓata ayoyi. Dokta ya duba shi ya ce gada ce maganin abin, kuma gara a yi da wuri kafin sauran haƙoran su fara karkata.

Da Malam ya fita na bi Dokta ofis na rufe ƙofa. Na gaya masa katin Malam ya riga ya ci gadarsa, saura kusan shekara huɗu kafin a sake ba shi. Na ce, "Dokta, mu yi masa kyauta, a rufe maganar." Ya ɗago ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "Kayan aikin daga Kano ake yo su, da kuɗi. Malaminka ne, ba nawa ba. Idan kana so ka biya." A nan ne ya kamata in sayar da babur. Wallahi da na sayar, da na ƙara da ɗan abin da ke hannuna, da an yi aikin, da yau ba na rubuta wannan. Amma na tsaya ina tunanin me zan ce wa matata, me mutane za su ce idan suka gan ni a ƙasa. Na zaɓi babur a kan bakin malamina, babu wata hanyar da zan faɗe shi ya yi daɗin ji.

Sai na shiga ja masa rai. Wannan mako in ce kamfani ba su amsa ba. Mako na gaba in ce na'urarsu ta lalace. Wani makon in ce mai sa hannu ya tafi hutu. Malam yana biyan kuɗin mota yana zuwa, yana zama a benci, yana ce mini, "Kada ka takura kanka, na san kana ƙoƙari." Sau biyar ya zo. A zuwa na ƙarshe har ya kawo mini zuma a kwalba. Na karɓa, na kai gida, muka sha.

'Yarsa ta fari, wadda take aikin jinya, ita ta gaji. Ta zo ta karɓi katin ba ta ko zauna ba, ta kai mahaifinta wani babban asibiti. Can suka tura neman izini, amsa ta dawo a kwana biyu: an riga an yi wa wannan mutum gada bara, a asibiti kaza, ga sa hannunsa. Likitan can ya leƙa bakin Malam ya ga turamensa lafiya lau, babu hula babu giɓi. Ya rubuta wa kamfani.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne a kan Malam za a fara sauka. Kamfani ba su san shi ba, ba su san muryarsa ba, sa hannu suka gani. Suka ɗauka da shi aka haɗa baki aka raba kuɗi. Suka dakatar da katinsa da na iyalinsa, matarsa mai hawan jini ta koma sayen magani da kuɗinta. Aka aika takarda ofishin ilimi, aka kira shi ya zo ya yi bayani a gaban mutanen da wasunsu ɗalibansa ne. A gari kuwa magana ta zaga cewa liman ya ci kuɗin inshora. Duk wannan ina ji, ina zaune a teburina, na yi shiru ina fatan abin ya wuce ta kansa.

Bai wuce ba. Kamfani suka turo wata Hajiya, ita ma likitar haƙori ce, da jakar takardu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta jera hotuna goma sha ɗaya a kan teburina ta ce, "Malam, dubi nan. Mutum goma sha ɗaya, maza da mata, duk da giɓi iri ɗaya a wuri ɗaya. 'Yan gida ɗaya ne?" Ta sa aka buɗe durowata, ga kati ɗaure da roba, ga fararen fom da sa hannun mutane, ga hatimi. Aka kira Dokta. Ya dafe kai ya yi salati ya ce, "Ni likita ne, ba akawu ba. Yaron nan na yarda da shi, ashe har sa hannuna yake kwaikwaya." Ya mayar wa kamfani kuɗinsu, ya ɗauki lauya, suka daidaita. Ambulan ba ta da rasit, ba ni da shaidar komai. Ina jin yanzu yana wani gari ya buɗe sabon wuri, da fara'arsa. Har yau idan na tuna shi sai raina ya ɓaci, amma ba shi ya zaro katin Malam Garba daga cikin roba ba.

A kotu aka kira Malam shaida. Ya shigo da rawaninsa a kan baki. Lauya ya tambaye shi ko sa hannunsa ne, ya ce nasa ne. Aka ce me ya sa ya sa hannu a takardar da ba a rubuta komai ba. Ya ce, "Ɗanmu ne." Sai aka ce ya buɗe baki a nuna wa kotu cewa babu gada. Ya ɗan tsaya, sannan ya sauke rawanin, dattijo mai furfura, ya wangale baki a gaban alƙali da 'yan kallo, wani ma'aikaci yana haska masa tocilan. Wani a baya ya yi dariya. Ni ina cikin akwatin masu laifi, na sunkuyar da kai, na amsa laifina tun kafin a gama. Aka wanke shi, ni aka ba ni shekara biyu.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Ƙwarƙwata, da wake mai tsakuwa, da kwana a jere kamar buhuna. A can haƙorina na turmi ya fara ciwo, na yi sati uku ina roƙon gandiroba kafin a kai ni a fizge shi, ban kuma ga wanda ya tambaye ni lamba ba. Babur ɗin da na ƙi sayarwa, mahaifina ya sayar da shi a kan zirga-zirgar shari'a. Matata ta koma gidansu a Kiyako, ban ga laifinta ba. Mahaifiyata ta daina zuwa biki da suna. Mutanen da suka bar mini katinsu, ko ɗaya bai zo ya zage ni ba, kuma da sun zo sun zage ni da na fi samun sauƙi.

Da na fito na yi sati biyu a gida ban leƙa waje ba. Daga baya na fara bin motocin riɗi ina dako a kasuwa, ina tara abin da na samu. Bayan wata bakwai na je gidan Malam da hantsi. Na same shi a zaure a kan buzu. Ya yi ritaya kafin lokacinsa, jan salla kuma bai koma ba. Giɓin yana nan, haƙoran gefe sun karkato ciki, leɓensa na sama ya shige. An mayar masa da katinsa tun bayan shari'a, amma bai sake zuwa kowane asibiti ba.

Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Na faɗi duk abin da na yi, har zaɓarsa da na yi da gangan, har zumar. Na ce na tara kuɗi, ina roƙon ya bari in kai shi Kano a gyara masa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Yafiya na yafe maka tun kana ciki, don ina so Allah ya yafe mini nawa. Amma ka mayar da kuɗinka. Na buɗe bakin nan a asibiti, na buɗe shi a ofis, na buɗe shi a kotu ana haska ni da fitila. Ya isa haka. Ba zan sake buɗe wa kowa shi ba." Na ce, "Malam, ko don karatu." Ya ce, "Ina yi a zuci. Tashi ka je, rana tana yi." Ya ja rawaninsa ya rufe.

Na tuba, kuma ina roƙon Allah ya karɓa. Amma ku sani tuba ba ta mayar wa Malam Garba muryarsa a masallaci ba, wani ne yake jan salla yau, ni kuma ina sahun baya ina ji. Ku da za ku zauna a kan tebur gobe, a asibiti ko a banki ko a ofishin ƙaramar hukuma, ranar da babba ya tsaya a kanku ya ce ku canza lamba ɗaya don taimako, ku ce a'a, ko da aikin zai tafi. Kada ku karɓi hatimin da ba naku ba. Idan dattijon garinku ya ce zai sa muku hannu a farar takarda, ku riƙe hannunsa ku ce ya bari sai an rubuta, ku karanta masa da bakinku. Idan kuma kun riga kun yi ɓarnar, wanda kuka cuta ya zo ya zauna a gabanku, ku gaya masa gaskiya a zuwan farko, ku sayar da abin da za ku sayar. Ni sau biyar aka ba ni wannan dama, ina kallonsa a kan benci na ce masa ya dawo mako mai zuwa.